Mutanen da suka kafa garuruwan Turawan Ingila na farko a Amurka

Ƙasar Amurka da aka sani a yau ta faro ne daga wasu ƙananan garuruwa da Turawan Ingila suka kafa a gaɓar tekun Atlantika tsakanin shekarar 1585 da 1640. A wancan zamani Sifaniya ta daɗe tana kwasar zinari da azurfa daga Meziko da Peru, Ingila kuwa ba ta mallaki ko taku ɗaya a nahiyar ba. Baitulmalin fadar Landan ba shi da ƙarfin ɗaukar irin wannan ɗawainiya, saboda haka aka bar wa 'yan kasuwa: sarki ya ba da takardar izini, attajirai su zuba jari, talakawa su shiga jirgi.

Wannan tsari ne ya sa tarihin garuruwan ya cika da zancen bashi, da riba, da yunwa. Masu jari sun yi lissafinsu a Landan, amma abin da ya rayar da baƙin ya fito ne daga hannun mutanen da lissafin bai ambata ba, wato manoman masara 'yan asalin ƙasar, da talakawan da suka jinginar da ƙarfinsu, da 'yan Afirka da aka kamo. Ga fitattu daga cikin waɗanda suka taka rawa.

Walter Raleigh da mutanen da suka ɓace

A shekarar 1584 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta bai wa bafadenta Walter Raleigh izinin mallakar duk ƙasar da ya samu a Arewacin Amurka wadda ba ta hannun wani sarki Kirista. Aka raɗa wa yankin suna Virginia don girmama sarauniyar, wadda ba ta taɓa aure ba. Raleigh bai taka ƙasar da ƙafarsa ba, aike ya yi. Ayarin farko ya sauka a tsibirin Roanoke a 1585, ya yi rigima da mutanen wurin, ya koma gida bayan shekara ɗaya.

A 1587 aka sake tura kimanin mutum 115, maza da mata da yara, ƙarƙashin wani mai zane, John White. A can 'yarsa ta haifi Virginia Dare, jaririya ta farko da Turawan Ingila suka haifa a nahiyar. White ya koma Ingila neman guzuri, sai yaƙi da Sifaniya ya tsare jiragen ruwa, bai sami dawowa ba sai 1590. Ya tarar da wurin wayam, babu kowa, sai kalmar CROATOAN da aka sassaƙa a jikin wani gungume, sunan wani tsibiri da ke kusa. Darasin da 'yan kasuwar Landan suka ɗauka shi ne, aljihun mutum ɗaya ba ya iya riƙe gari a ƙetaren teku.

Kamfanin Virginia da masu hannun jarinsa

A watan Afrilun 1606 Sarki James na Ɗaya ya sa hannu a takardar izinin Kamfanin Virginia. Kamfani ne na haɗin jari, wanda daga baya ya riƙa sayar da hannun jari ɗaya a kan fam 12 da sule 10. Babban jigonsa shi ne Thomas Smythe, hamshaƙin attajiri wanda kuma shi ne shugaban farko na Kamfanin Gabashin Indiya. Burinsu shi ne a samo zinari, a gano hanyar ruwa zuwa Asiya, a aiko da hajar da za ta yi kasuwa a Turai.

A watan Disambar 1606 jirage uku suka tashi ƙarƙashin Kyaftin Christopher Newport. A watan Mayun 1607 mutum 104, dukansu maza, suka kafa sansani a bakin wani kogi, suka kira shi Jamestown. Sun zaɓi wurin ne don tsoron jiragen yaƙin Sifaniya, ba su duba lafiyarsa ba: fadama ce mai sauro, ruwanta zartsi. Da yawansu 'ya'yan manya ne da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ƙasa mai ƙyalli da suka loda wa jirgi a matsayin zinari, da aka gwada ta a Landan sai aka tarar ba ta da wata daraja. Kafin watan Janairun 1608, mutum 38 kaɗai suka rage da rai.

Powhatan da John Smith

Ƙasar da suka sauka tana da mai ita. Wahunsenacawh, wanda Turawa suka sani da Powhatan, babban sarki ne da ke karɓar haraji daga ƙabilu kusan 30. Talakawansa suna noman masara da wake da kabewa, suna farauta da su. Da farko ya ɗauki baƙin a matsayin wata ƙaramar ƙabila da za ta iya yi masa mubaya'a, ta kuma samar masa da tagulla da gatura da makamai. Saboda haka ya bari aka yi musayar masara da su. A 1608 kamfanin ya aiko da kambi a naɗa masa, don ya zama a ƙarƙashin Sarki James. Ya ƙi zuwa Jamestown, ya ce shi ma sarki ne a ƙasarsa, da aka kai masa kambin kuma ya ƙi durƙusawa.

Wanda ya fi kowa iya hulɗa da shi a cikin baƙin shi ne John Smith, ɗan manomi, tsohon sojan haya da ya yi yaƙi da Daular Usmaniyya a gabashin Turai. Da ya zama shugaban majalisar sansanin a watan Satumbar 1608, sai ya kafa doka cewa duk mai lafiyar da ya ƙi aiki ba shi da rabo a rumbu. Ya koyi harshen mutanen ƙasar, ya zana taswirar yankin, yana samo masara wani lokaci da ciniki, wani lokaci da bakin bindiga. A ƙarshen 1609 albarushi ya ƙone shi, ya koma Ingila.

Bayan tafiyarsa dangantaka ta lalace. Ana cikin matsanancin fari, abin da binciken tsofaffin itatuwan yankin ya tabbatar, mutanen Powhatan kansu ba su da rarar hatsi. Suka yi wa sansanin ƙawanya a hunturun 1609 zuwa 1610. Mazauna ciki suka cinye dawakai da karnuka da ɓeraye, har wasu suka ci gawa, kamar yadda ƙasusuwan wata yarinya da aka tono a 2012 suka nuna. Kimanin mutum 60 suka tsira. A watan Yunin 1610 sun riga sun shiga jirgi sun bar garin, sai suka yi kiciɓis da sabon gwamna, Lord De La Warr, ɗauke da mutane da guzuri, ya mayar da su.

Pocahontas, John Rolfe da taba

Matoaka, wadda aka fi sani da Pocahontas, 'yar Powhatan ce, kuma shekarunta ba su wuce goma zuwa sha ɗaya ba lokacin da baƙin suka zo. Labarin da ya shahara cewa ta ceci Smith daga kisa, daga bakin Smith kaɗai ya fito, shekaru da yawa bayan faruwar lamarin, kuma masana tarihi da dama suna shakkar sa. Abin da ya tabbata shi ne, a 1613 Kyaftin Samuel Argall ya sace ta don a yi garkuwa da ita. Tana tsare aka shigar da ita addinin Kirista, aka sa mata suna Rebecca, a watan Afrilun 1614 kuma aka ɗaura mata aure da John Rolfe. Auren ya kawo zaman lafiya na 'yan shekaru. A 1616 kamfanin ya kai ta Landan don jawo hankalin masu zuba jari, ta rasu a garin Gravesend a watan Maris na 1617, tana shirin komawa gida.

Mijin nata shi ya samo wa kamfanin hajar da ya daɗe yana nema. Wajen 1612 Rolfe ya gwada shuka irin taba mai daɗin ƙamshi da ya samo daga yankin Karebiyan. Sarki James ya tsani taba, har ya taɓa rubuta ƙasida yana kushe ta, amma kasuwa ta rinjayi ra'ayin sarki. A 1617 an fitar da laba 20,000 zuwa Ingila, aka shiga shuka taba har a kan titunan Jamestown, ta zama ita ce kuɗin da ake biyan bashi da tara da ita. Sai dai taba tana cinye ƙarfin gona cikin 'yan shekaru, tana kuma bukatar hannaye masu yawa. Daga nan bukatu biyu suka taso waɗanda suka juya tarihin yankin: ƙarin ƙasa da ƙarin ma'aikata.

Shekarar 1619: majalisa, 'yan jingina da 'yan Afirka

Don jawo mutane, kamfanin ya yi alkawarin eka 50 ga duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya. Talakawan Ingila suka riƙa jinginar da kansu, su yi wa wanda ya biya musu kuɗin jirgi aiki na shekara huɗu zuwa bakwai ba albashi. Da yawa sun mutu kafin wa'adin ya cika, filin kuwa ya zama na ubangidan. Kamfanin ya kuma aiko da 'yan mata don aure, kowane ango ya biya kuɗin jirgin amaryarsa da taba laba 120, daga baya 150.

A ranar 30 ga Yulin 1619, ƙarƙashin Gwamna George Yeardley, wakilai 22 da mazauna suka zaɓa suka zauna a cocin Jamestown. Ita ce majalisar wakilai ta farko a yankunan Ingila na Amurka, kuma cikin abubuwan da ta fara yi har da tsayar da farashin taba, sule 3 kowace laba mai kyau.

Bayan 'yan makonni, a ƙarshen watan Agusta, wani jirgin 'yan fashin teku mai suna White Lion ya tsaya a Point Comfort da 'yan Afirka ashirin da 'yan kai. An kamo su ne daga yankin masarautar Ndongo a Angola ta yau, aka loda su a Luanda cikin jirgin bayi na Fotugal da ya nufi Meziko, 'yan fashin suka ƙwace su a teku, suka musanya su da abinci a Virginia. A shekarun farko matsayin baƙar fata bai tsaya a doka ba. Wani mai suna Anthony Johnson ya sami 'yanci, har ya mallaki eka 250 a 1651. Amma ƙofar ta yi ta rufewa. A 1640 wasu barori uku suka gudu aka kamo su, biyu Turawa aka ƙara musu shekaru, na ukun, John Punch, ɗan Afirka, aka yanke masa bauta har mutuwa. A 1662 majalisar ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, wato ɗan baiwa bawa ne ko wane ne ubansa.

Opechancanough da faɗuwar kamfanin

Powhatan ya rasu a 1618. Ɗan'uwansa Opechancanough, wanda iko ya koma hannunsa, ya ga gonakin taba suna cinye bakin kogi, ya gane cewa waɗannan baƙi ba raɓa ba ne. A ranar 22 ga Maris na 1622 mayaƙansa suka auka wa gonaki a lokaci guda, suka kashe mutum 347. Turawa suka mayar da martani da ƙone garuruwa da gonakin masara shekara da shekaru. Ya sake gwadawa a 1644 yana tsoho tukuf, aka kama shi a 1646, wani mai gadi ya harbe shi a Jamestown.

Harin 1622 ya tona asirin kamfanin. Daga cikin kimanin mutum 6,000 da aka kai Virginia, wajen 1,200 ne ke raye a 1625, masu jari kuma ba su ga riba ba. A 1624 aka soke takardar izinin, Virginia ta koma ƙarƙashin sarki kai-tsaye. Irin wannan hanya Birtaniya ta sake bi a nan gida bayan fiye da shekara 250: Kamfanin Neja na George Goldie ya sami takardar izini a 1886, ya share fage da ciniki da yarjejeniyoyi, sannan gwamnati ta karɓe ikonsa a ranar 1 ga Janairun 1900, Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja.

'Yan a-waren jirgin Mayflower

A arewa da Virginia, wani rukuni dabam ne ya kafa gari, kuma dalilinsa addini ne. Wasu mutanen ƙauyen Scrooby sun ɓalle daga Cocin Ingila, abin da doka ta haramta, suka yi hijira zuwa Holan a 1608, suka zauna a birnin Leiden tare da limaminsu John Robinson. Talauci da tsoron kada 'ya'yansu su saje da mutanen Holan suka sa suka yanke shawarar ƙetare teku. Su ma sai da suka nemi masu jari: wani ɗan kasuwa, Thomas Weston, ya haɗa musu attajiran Landan bisa sharaɗin su yi aiki shekara bakwai, sannan a raba dukiya.

Jirgin Mayflower ya tashi a watan Satumbar 1620 da fasinja 102, waɗanda 'yan a-waren ba su kai rabinsu ba. Bayan kwana 66 suka isa Cape Cod, nesa da inda takardarsu ta ba su izini. Da wasu fasinjoji suka fara cewa babu mai iko da su a nan, sai maza 41 suka sa hannu a wata yarjejeniya cewa za su kafa hukuma, su bi dokokin da suka yi da kansu. Suka kafa garin Plymouth, hunturun farko ya kashe kusan rabinsu. William Bradford, wanda aka zaɓa gwamna a 1621, ya riƙe muƙamin kimanin shekara 30. A 1623 ya daina noman gandu, ya yanka wa kowane gida gonarsa, amfani ya ƙaru. Bashin masu jari, wanda aka daidaita a kan fam 1,800, da fatun dabbobi aka riƙa biyan sa, kuma bai ƙare ba sai a shekarun 1640.

Massasoit da Tisquantum

Filin da aka gina Plymouth kufai ne na garin Patuxet, wanda annoba ta share tsakanin 1616 da 1619. Annobar ta karya ƙarfin ƙabilar Wampanoag, ta bar maƙwabtansu Narragansett da ƙarfinsu. Wannan ne ya sa sarkin Wampanoag, Massasoit, ya ƙulla yarjejeniyar kare juna da baƙin a watan Maris na 1621. Siyasa ce ta mai neman abokin kariya.

Tafintansa shi ne Tisquantum, wanda ake kira Squanto, ɗan Patuxet. Wani kyaftin, Thomas Hunt, ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifaniya don sayarwa. Ya kuɓuta, ya zauna a Landan, ya dawo a 1619 ya tarar danginsa sun ƙare. Shi ya nuna wa baƙin yadda ake shuka masara da kifi a matsayin taki, da inda ake kama kifi, da hanyoyin fatauci. Bikin girbin da aka yi a kakar 1621, wanda maza 90 na Wampanoag suka halarta, shi ne Amurkawa suke dangantawa da bikin godiya da suke yi duk Nuwamba. Tisquantum ya rasu a 1622, bayan Massasoit ya zarge shi da cin tudu biyu. Zaman lafiyar ya kai shekara 50, amma ɗan Massasoit, Metacom, ya ɗaga yaƙi a 1675 saboda ƙwacen ƙasa. Aka kashe shi a 1676, aka kafe kansa a Plymouth, aka sayar da matarsa da ɗansa bayi.

John Winthrop da waɗanda suka saɓa masa

Ƙaura mafi girma ita ce ta 'yan Furitan, masu son tsarkake Cocin Ingila daga ciki. A 1629 suka sami takardar izinin Kamfanin Massachusetts daga Sarki Charles na Ɗaya. Takardar ba ta faɗi inda hukumar kamfanin za ta riƙa zama ba, sai suka yi amfani da wannan giɓi, suka tafi da ita Amurka. Ta haka taron masu hannun jari ya rikiɗe ya zama gwamnati. Lauya John Winthrop ya jagoranci jirage 11 a 1630, aka kafa Boston, kuma kafin 1640 kimanin mutum 20,000 sun biyo baya, akasarinsu iyalai da masu sana'a. Sun kafa kwalejin Harvard a 1636, a 1647 kuma suka wajabta wa duk gari mai gida 50 ya ɗauki malamin makaranta.

Waɗanda suka gudo don 'yancin ibadarsu ba su yarda da 'yancin wasu ba, domin 'yan coci kaɗai ke da ƙuri'a. Wani limami, Roger Williams, ya ce sarkin Ingila ba shi da ikon kyautar da ƙasar da ke da masu ita, kuma bai kamata hukuma ta hukunta mutum a kan aƙidarsa ba. Aka kore shi a 1635, ya sami fili daga sarakunan Narragansett, ya kafa Providence a 1636, tushen jihar Rhode Island. Anne Hutchinson, ungozoma mai karantar da mutane a gidanta, ta soki wa'azin limamai, aka gurfanar da ita a 1637, aka kore ta.

A wannan shekarar ne sojojin Massachusetts da Connecticut, tare da ƙawayensu 'yan ƙasa, suka yaƙi ƙabilar Pequot. An cinna wa garinsu na Mystic wuta, fiye da mutum 400 suka hallaka, ciki har da mata da yara. Wasu daga cikin kamammun aka kai su tsibiran Karebiyan, jirgin ya dawo a 1638 da bayi 'yan Afirka. A 1641 Massachusetts ta halatta bauta a rubuce.

Iyalan Calvert

Maryland ta bi wata hanyar. A 1632 sarki ya ba da ita ga mutum ɗaya, Cecil Calvert, ɗan ɗarikar Katolika, don ta zama mafaka ga mabiya ɗarikarsa. Ƙanensa Leonard ya kai ayarin farko a 1634. Da yake 'yan Furotesta sun fi yawa a cikin mazauna, majalisar yankin ta yi dokar 1649 wadda ta hana tsangwamar kowane Kirista saboda ɗarikarsa, kodayake ba ta haɗa da waɗanda ba Kirista ba.

Abin da suka bari

Kafin shekarar 1650, abubuwan da Amurka ta gada sun riga sun bayyana a waɗannan garuruwa: majalisar zaɓaɓɓu, da rubutacciyar yarjejeniyar mulki, da makarantar gari, da gardama a kan iyakar hukuma a sha'anin addini. A daidai wannan lokaci, kuma sau da yawa a hannun mutane ɗaya, aka kafa ƙwacen ƙasar 'yan asali da bautar baƙar fata, wadda ba a soke ta ba sai a 1865. Zuriyar mutanen Powhatan, irin su ƙabilar Pamunkey, suna nan a Virginia har yau, kuma sai a shekarun baya-bayan nan gwamnatin tarayyar Amurka ta amince da su a hukumance.